Wuya Ta Isa Haka

Tun ranar da Alhaji Kailu ya zo duba Baba hankalina bai sake kwanciya ba.

Baba, wato Haladu mai kalangu, shi ne makaɗin mahautan Abidjan tun kafin a haife ni, kamar yadda ubansa ya yi wa mahautan Konni. Farkon damina ya yanke jiki ya faɗi a bakin famfo yana alwala. Da muka dawo da shi daga asibiti ɓarin hagu ya shanye, harshe ma ya tafi. Yana ji, yana ganewa, idonsa tar a kan kowa, amma in ya buɗe baki ba abin da ke fitowa sai "a… a…". Hannun hagun nan kuwa shi ke matse igiyoyin kalangu, ya ɗaga murya ya sauke ta, har fata ta yi magana. Na dama riƙon gula da bugu kawai ya sani.

Alhaji Kailu shi mahauta suka zaɓa Sarkin Fawa, bayan an kai ruwa rana da ɓangaren Alhaji Badaruddeen, har wasu suka daina gaisawa a mayanka. Ya zauna a bakin katifar Baba, ya riƙe hannunsa mai rai, ya ce, "Haladu, sun ce a ɗauko makaɗi daga Nijar. Na ce ban yarda ba. Takena a gidan nan aka haife shi, daga gidan nan zai fito ranar naɗi."

Taken nan kowa a unguwarmu ta Adjamé ya san labarinsa. Kailu da ƙafa ya biyo shanu tun daga arewa yana saurayi, ya kwana a rumfunan kasuwa, ya yi dakon nama a ka har gashin tsakiyar kansa ya ƙare. Ranar da ya kafa teburinsa na kansa, Baba ya tsaya a gabansa ya buga masa: "Wuya ta isa haka." Shi ke nan ya zama takensa. Ko a tsakiyar ciniki ya ji shi, sai ya ajiye wuƙa ya ɗaga hannu ya yi jinjina.

Sai Alhaji ya juyo gare ni. "Radiyya, ɗiyata, ina ƙanenki? An ce shi ma makaɗi ne."

Na ce, "Yana nan, Alhaji." Na saci kallon Baba, na ga ya juyar da fuska bango.

Bilya makaɗi ne, ba ƙarya aka yi ba, amma ba irin wanda Alhaji ke nufi ba. A nan Adjamé Liberté aka haife shi. Faransanci ya sha a lekol, Nushi, yaren samarin Abidjan, a titi, Hausa kuwa sai ta neman abinci da ta gaisuwa, ita ma a karkace. Ni kakarmu ta riƙe ni a Konni ina ƙarama, shi ya sa bakina ya fi nasa. Baba ya yi, ya yi, ya koya masa kalangu, yaron nan bai ɗauki komai ba sai abu guda. In magariba ta yi yana can yana ƙwallo, Baba kan fito ƙofar gida ya buga, "Bilya, taho gida! Bilya, taho gida!" Ko yana gab da cin ƙwallo sai ya baro ta ya sheƙo. Wannan kaɗai ya taɓa ji a bakin kalangu.

Da ya girma sai ya faɗa wa sinte, wannan piyanon lantarki mai maɓallai da 'yan murɗe-murɗe, wanda zai yi maka kukan ganga, ya yi na sarewa, ya yi na abin da Allah bai halitta ba. Baba ya sa masa suna akwatin ƙarya. Aka yi cacar baki, Bilya ya kwashe kayansa ya koma Treichville. Tun daga ranar Baba bai sake buga kiran nan ba, in Bilya ya zo gaisuwar Sallah ma "lafiya" kawai yake samu.

To ga shi Alhaji ya rataya mana. In muka ce ba za mu iya ba, makaɗin Nijar zai zo ya tsaya a inda Baba ya yi rayuwarsa yana tsayawa, kuma Baba na zaune yana kallo. In muka yi abin ya lalace a gaban mahauta, sunan gidan Haladu ya zube ke nan, mai sunan kuma ba shi da bakin da zai wanke kansa.

Washegari na rufe shagon atamfata da wuri, na naɗe kalangun Baba a tsohon zane don kada ya gani, na hau ƙaramar bas ɗin nan gbaka, na sauka na shiga tasin woro-woro muka haye gada. Ɗakin aikin Bilya na bayan shagon wani mai gyaran firji, kan hanyar tashar jiragen ruwa. Bango duk an manne shi da kwalayen ƙwai, zafi kamar gidan burodi. Na zayyana masa komai ina haki.

Ya zare abin jin sauti daga kunne, ya ce, "Ya foye, Yaya." Wato ba matsala. Komai a wurin Bilya ya foye ne, ko gida ke ci da wuta.

"Kai, ba bikin 'yan rawar coupé-décalé ba ne fa. Mahauta ne. Mutanen da ke kwana da wuƙa."

"Yaya, kiɗa kiɗa ne. Ba ni gangar."

Ya kafa makirfo a bakin kalangun, ya buge shi da gula, sau ɗaya tak. Ya tura bugun cikin sinte. Da ya danna maɓalli sai ga muryar kalangun Baba ta fito daga lasifika, ita ce dai ba wata ba, har da ɗan karkarwar nan ta tsohuwar fata. Ya danna na sama ta yi siriri, ya danna na ƙasa ta yi kauri. A gefen hagu akwai wata 'yar taya, in ya tura ta gaba muryar ta hau, in ya ja ta baya ta sauko, in ya sake ta ta koma tsakiya da kanta.

"Kin gani? Wannan ita ce hannun hagun tsoho," in ji shi.

Yana da wani bidiyo a waya, na bikin da Baba ya buga wa Alhaji takensa, cike da guɗa da hayaniyar mata. Ya yi ta maimaita shi yana bi da yatsu har ya kama. Da ya tsaya nan, wallahi da an huta. Amma ina, Bilya ne. Ya karkace kai ya ce abin ya yi "sec", ya bushe.

"Ji yadda yake farawa, ƙasa-ƙasa, kamar wanda bai karya kumallo ba. Sarki za a naɗa fa. Dole bugun farko ya daki ƙirji."

Ya murɗa wani abu, bugun farko ya yi tsalle sama, na biyun ya zauna ƙasa. Ya ce ƙarshen kuma faɗuwa yake kamar mai jin barci, biki ba ya ƙarewa a ƙasa. Ya datse wutsiyar bugun ƙarshe, ya bar shi a tsaye can sama, ya zuba masa eko har ya riƙa amsa kansa yana nisa. Ya ƙara wani abin da ya ce zai sa a ji kamar a babban zaure ake bugawa. Ya murɗa wannan kaɗan, ya rage wancan, ya saurara da ido rufe, ya sake murɗawa. Ni ina zaune a kan bokiti ina ta zufa.

Da ya gama ya sakar mini. Gaskiya ya yi daɗi, ya cika kunne, ya fi na bidiyon armashi. Na bi shi da baki, "Wuya ta isa haka," na ji kamar ya hau. Amma wani abu ya tsaya mini a ƙahon zuci, na rasa mene ne. Ni Hausar baki nake ji, ta kalangu sai an gaya mini abin da aka ce sannan in ji shi.

"Ka tabbata haka yake?"

"Yaya, bugu bakwai ne, ga su nan bakwai. Me ya ɓace?"

Na ce to sai Baba ya ji.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci Bilya ya zo gida. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, Baba ya dube shi sama da ƙasa. Na gyara wa Baba matashi, na yi masa bayani a hankali kamar mai lallashin jariri. Bilya ya ajiye waya a kan tabarma ya kunna.

Bugun farko Baba ya zabura. Ya gane muryar gangarsa, na ga idonsa ya kawo ruwa, har na fara cewa alhamdulillahi a raina. Kafin a kai ƙarshe fuskarsa ta canza. Aka maimaita, sai ya fara "A! A! A!" yana dukan katifa. Ya ɗaga hannun dama ya kafa gefensa a maƙogwaro, ya ja, kamar mai yanka. Ya sake ja. Ya nuna wayar, ya nuna wuyansa, jijiyoyin goshinsa duk sun tashi.

Bilya ya kashe wayar. Ya miƙe a hankali, ya ce, "Kin gani ko? Yanka ni zai yi. Ko me na buga, in dai daga hannuna ya fito, ba zai so ba."

Na ce, "Rufe mini baki! Wuyansa ke ciwo, tun jiya yake kwance ɓari ɗaya."

Na ɗauko man zafi na hau murza wa bawan Allah wuya. Ya ture hannuna, na mayar. Ya sake turewa, na ce, "Baba, yi haƙuri, yanzu zai saki." Sai ya daina motsi. Ya kwanta shiru yana kallon rufi, hawaye na gangarowa cikin kunnensa, ni kuma ina ta murza. Da na waiwaya Bilya ya tafi.

Asabar ban sayar da ko yadi ɗaya da hankalina ba. Wata mata ta tambayi shuɗi na miƙa mata ja. Na yi niyyar zuwa wurin Alhaji in ce a nemo na Nijar ɗin, na kai har bakin layinsu, na hango ana kafa rumfuna, na juyo. Na kira Bilya, bai ɗauka ba. Can ya turo saƙo: zai zo, saboda ni, ba saboda kowa ba.

Lahadi aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da ya ɗauke, aka tare layin gidan Alhaji da rumfuna da kujerun roba. Tukwane na tafasa, hayaƙin gashi ya cika unguwa. Mahauta suka fara hallara cikin fararen kaya, na Treichville, na Port-Bouët, na Abobo. Mutanen Alhaji Badaruddeen ma sun zo, suka zauna gefe guda fuska ba yabo ba fallasa. Na yi wa Baba wanka, na sa masa babbar rigarsa, na turo shi a keken asibiti zuwa rumfar gaba. Tun da muka fito yake riƙe mini zane yana girgiza kai, ni kuma ina cewa, "Baba, mutane na kallo."

Ba Bilya ba labarinsa. Ruwa ya cika mahaɗar titunan Indénié kamar yadda ya saba, motoci sun yi cirko-cirko. Na kira shi har wayata ta yi zafi. An riga an tafi ɗauko Alhaji daga gidan limamin da zai naɗa masa rawani sannan Bilya ya iso, wando jiƙe har gwiwa, ya rungumo sinte a cikin leda kamar jariri. Ban ma samu bakin zaginsa ba. Ya ɗora shi a tebur, ya jona wayoyi da manyan lasifikan da aka yi haya, ya ce bari ya gwada kaɗan.

Ya buga. Sautin ya daki bangon gidaje ya dawo. Yara suka yi ihu suka fara rawa, wasu 'yan mata suka ɗaga wayoyi. Na sauke ajiyar zuciya.

Sai na lura rumfar dattawa ta yi tsit.

Kawu Imrana, tsohon mahauci abokin Baba, yana tsugune yana fiɗar rago a bakin kwata. Ya miƙe da wuƙar a hannunsa, jini har gwiwar hannu, ya nufo mu. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

"Kai ɗan Haladu. Wa ya aiko ka?"

Bilya ya dube ni. Na ce, "Kawu, taken Alhaji ne."

"Taken wa? Ke ma kunnenki na Faransa ne? Mutanen can ne suka ba ku kwangila?" Ya nuna ɓangaren Badaruddeen da haɓa. Na waiwaya, na ga wani a cikinsu ya rufe baki da hula, kafaɗunsa na rawa.

"Kawu, don Allah, me ya ce?"

Ya matso har ina jin ƙarnin jini, ya rera mini a kunne daidai yadda akwatin ya buga: "Wuya ya isa yanka."

Innalillahi! Wuya ta wahala daga ƙasa take tashi ta hau. Wuya na jiki daga sama yake saukowa. Bilya ya ɗaga bugun farko don ya daki ƙirji, ya mayar da wahala maƙogwaro. Ya datse wutsiyar "haka" ya bar ta a sama, ta zama "yanka". Maganar da ake yaɓa wa wanda ya yi girman kai, ya isa a kayar da shi, ita za mu buga wa Sarkin Fawa ranar naɗinsa, da muryar kalangun Haladu, a gaban waɗanda suka so kujerar. Na tuna hannun Baba a maƙogwaro, na tuna man zafi. Na dube shi a kekensa. Idonsa na kaina, bai ko ƙifta ba.

Kawu Imrana ya ce, "Su dattawa na ce musu gwaji ne, na'ura ce ta yi tuntuɓe. Amma in ya fito haka a gaban Kailu, ba ruwana." Ya koma kan ragonsa.

Na cafki hannun Bilya. "Mayar da shi yadda yake! Yanzu!"

"Yadda yake yaya? Na ɗora sabon a kan tsohon, babu shi." Ya dubi akwatin, ya dube ni. "Me na yi? Yaya, me ya ce?"

"Ka ce wuya maimakon wuya!"

Ya buɗe baki yana kallona.

"Saurara da kyau. Wuya," na fara ƙasa na hau. "Wuya," na fara sama na sauko. "Ka ji?"

"C'est la même chose!" Ya kusa kuka. "Abu ɗaya kike faɗa, Yaya, wallahi abu ɗaya!"

Kai, ranar na ga ta kaina. Ya sa abin ji a kunne ɗaya, ya miƙa mini ɗayan, ya hau murɗe-murɗe. Ya sauke bugun farko, sai duk taken ya nutse kamar ana buga shi a cikin rijiya. Ya ɗago shi, maƙogwaro ya dawo. Ya saki wutsiyar ƙarshe, eko ya kama ta ya yi ta jefawa sama, "yanka, yanka, yanka". Ina cewa "a'a, ba haka ba", yana cewa "to yaya?", ni kuma na san ba daidai ba ne amma ban san ta inda ake gyarawa ba. Gumi na ɗiga daga haɓarsa kan maɓallai. Daga can bakin titi muka fara jin odar motoci da guɗa.

Wani abu ya daki ƙafar teburin. Baba ne. Da ƙafarsa mai lafiya ya ja keken, kaɗan-kaɗan, har ya iso, ba wanda ya lura. Ya miƙa hannun dama, ba wajen maɓallai ba, wajen 'yar tayar nan ta gefe. Bai kai ba. Ya dubi Bilya, ya ce, "A."

Suka kalli juna. Ni dai ban san ko ture akwatin zai yi ƙasa ba.

Bilya ya ja teburin ya juya shi har tayar ta zo daidai hannun Baba. Ya ɗora yatsun tsohon a kanta, ya tura gaba, ya ja baya, ya saki, don ya ji yadda take komawa da kanta. Sannan ya hau kashe kayan adonsa ɗaya bayan ɗaya. Ya kashe eko. Ya kashe babban zaure. Ya cire tsallen bugun farko, ya sakar wa na ƙarshe wutsiyarsa. Ba abin da ya rage sai bugu ɗaya tsirara, wanda ya ɗauka daga kalangun Baba. Ya rage ƙarar lasifika yadda mu kaɗai za mu ji, ya ɗora yatsa a maɓalli guda.

Ya danna, Baba ya tura tayar. Muryar ta ɗan motsa kaɗan, kamar mai ciwon haƙori. Baba ya yi gurnani.

"Ta yi masa ƙunci," in ji Bilya. Ya shiga cikin na'urar ya faɗaɗa zangon tayar. Ya danna, Baba ya tura, sai muryar ta yi cilli sama kamar an taka wutsiyar kyanwa. Baba ya harare shi, irin hararar da muka sani tun muna yara. Bilya ya rage. Ya danna. Harara. Ya sake ragewa kaɗan. Ya danna, Baba ya ja baya ya tura gaba, fata ta yi nishi ta ɗago kamar an matse ta a hammata. Baba ya ce, "Mm."

Motar farko ta shigo layi.

"Ta yaya zan san lokacin bugu?" Bilya ya tambaya, a Faransance, a ruɗe. Baba ya buga ƙafarsa ta dama a kan matakin keken, ƙwas. Ya sake bugawa, ƙwas. Bilya ya sunkuyar da kai ya kafa wa ƙafar ido, ya ɗaga ƙarar lasifika har ƙarshe.

Alhaji Kailu ya fito daga mota da sabon rawani, jama'a suka dafe shi, mata na guɗa. Ni ban ga komai sosai ba, na damƙe bayan keken Baba har farcena ya karye, ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Ƙafar Baba ta sauka, yatsan Bilya ya bi ta.

Ya fara daga ƙasa, ya hau. Ko ni da ba na jin kalangu na ji shi sarai, kamar mutum ne ya tsaya a tsakiyar layi yana faɗa da baki: wuya ta isa haka. Ƙarshen ya sauko a hankali ya zauna. Ba armashi irin na ɗakin Treichville, har da ɗan santsi a tsakiya inda yatsun Baba suka zame, amma magana ce.

Alhaji ya tsaya cak. Ya waiwayo yana neman inda sautin ke fitowa, ya hango Baba a keke da hannu a kan akwatin ƙarya. Ya ture masu riƙe da shi, ya dunƙule hannu ya ɗaga sama, ya yi jinjina, rawanin na rawa. Mahauta suka ɗauka gaba ɗaya. Kawu Imrana na tsaye a bakin kwata yana jinjina da wuƙar fiɗa. Baba da Bilya suka yi ta buga wa Alhaji shi har ya isa kujerarsa ya zauna.

Na sunkuya zan ja Baba baya ya huta, don rigarsa ta jiƙe sharkaf. Sai na ga ƙafar ba ta tsaya ba. Ta canza tafiya, ta koma wani bugu gajere. Bilya bai ɗago ba, idonsa na kan ƙafar, yana binta kamar yadda aka sa shi. Dattawa suka dubi juna. Alhaji ya karkato kunne ya ce wa na kusa da shi, "Wannan kuma ba nawa ba ne."

Ni na gane shi tun a zagaye na farko, kiran magaribar nan ne, na toshe bakina da mayafi. Bilya sai da ya buga shi sau biyu da yatsansa, ya shiga na uku, sannan yatsan ya tsaya a kan maɓallin. Ya ɗago kai a hankali. Baba ba ya kallon Sarkin Fawa, ba ya kallon jama'a, shi yake kallo, ƙafar kuma na ci gaba da bugun matakin keke ita kaɗai, ƙwas, ƙwas, tana jira.

Bilya bai tambaye ni me ya ce ba. Ya durƙusa a cikin ruwan da ya kwanta a gindin tebur, ya ce da Hausarsa karkatacciya, "Na'am, Baba. Ga ni."

Da aka watse ni na turo keken zuwa gida. Bilya na biye da mu da sinte a ka, bai ko tsaya neman ledar ba.